Ɗan Farina da Igiyar Teku

Mu mutanen Gusau ba mu san teku ba, kuma ba mu taɓa jin mun yi asarar komai ba. Ruwanmu gulbi ne, da damina ya cika ya ci ɗan wani, da rani ya janye a tona yashinsa a samu na wanki. Abu ɗaya aka koya mini game da ruwa mai yawa, wato a ba shi hanya. Da Allah ya kawo ni Riyad aikin ungozoma, garin da ko gulbin ma babu, sai na ce madalla, an rage mini abin tsoro. Ban san da cikina zan haifi mai neman teku ido rufe ba.

Ɗan farina ne. Ba zan rubuta sunansa a nan ba, kuma ba don takarda ba, ko a gida bakina bai taɓa kama sunan ba. In zan yi maganarsa da ubansa sai in ce "yaron nan", in da ƙanwarsa ce in ce "yayanki". Ba na yabonsa, ba na zama hira da shi, in ya yi zazzaɓi ubansa nake turawa da maganin, ni kuma in laɓe a bakin ƙofa ina sauraron numfashinsa. Haka uwata ta yi wa babban yayanmu, haka tata uwar ta yi, kuma ba wanda ya lalace. Sai dai a gida kara tana da masu cike mata gurbi. Uwa ta kau da kai, kaka ta ɗauka ta goya, goggo ta shagwaɓa, maƙwabciya ta ajiye masa ƙanzo. A hawa na uku na wani bene a unguwar Al-Naseem babu kaka, babu goggo. Yaro ya tashi yana ganin iyayen abokansa, 'yan Sudan da 'yan Sham, suna rungume 'ya'yansu a ƙofar makaranta ana "habibi, ya galbi", wato masoyina, zuciyata, shi kuma tasa uwar tana miƙa masa kwanon abinci tana kallon bango.

Wata rana ƙanwarsa ta same ni a kicin ta ce yaya ya tambaye ta, da Larabci, don shi ne harshen da suke sirrinsu da shi, wai ko ya yi wa Umma wani laifi ne tun yana ƙarami da ba a gaya masa ba. Maganar ta soke ni har ƙashi. Na ce da ita, "Ki ce masa ya daina shirme." Da na zo rabon abinci na ƙara masa nama. Iyakar abin da bakina da hannuna suka iya ke nan a lokacin.

Iyo ya fara koya, a wani wurin ninkaya a unguwar Al-Badi'a da ubansa ke kai shi ranar Juma'a da yamma. Wannan ban damu ba, ruwa ne mai bango huɗu, ana ganin ƙasansa. Sai wani hutu iyayen abokinsa suka tafi da shi Jidda, can wani ya ɗora shi a kan allon hawan igiyar ruwa, ya tura shi cikin kumfa, ya miƙe ya faɗi, ya miƙe ya faɗi. Ya dawo mana da ciwon da ba na asibitinmu ba. Kafin shekara ta zagayo ya samo tsohon allo a hannun wani Bature da ya gama kwangilarsa zai tafi, dogo, ya fi shi tsawo, ya jingine shi a lungun da ke tsakanin falo da ɗakuna. Kowa zai wuce sai ya karkace. Wani abokin ubansa, direban babbar mota ne mai bakin tsiya, ya zo gaisuwa ya tsaya yana kallon abin ya ce, "Hajiya, wannan kwalekwale ne ko makara?" Kowa ya yi dariya ban da ni. Ranar shayi kofi ɗaya ya sha a gidana, kuma bai ga dabino ba.

Abin dariya ne, na sani, mai allo a garin da ruwan sama ma sai ya ga dama. Da safe kafin makaranta sai ya kwanta rubda ciki a kan kafet, ya yi ta tuƙa iska da hannuwa, can ya zabura ya dira a kan ƙafafu biyu, gwiwoyi a lanƙwashe, hannu a miƙe. Ya koma ya kwanta, ya sake. Maƙwabcinmu na ƙasa, wani Bamisre mai hawan jini, yakan buga mana silin da sandar mopa. Ubansa yakan ce, "Kai, ko salla kake yi haka ai da ka zama waliyyi." Ni sai in ci gaba da aikina. Amma daga ƙofar kicin ina gani, na ga lokacin da ƙafar bayansa ta daina makara, na ga lokacin da ya daina kallon ƙasa in ya miƙe. Ba wanda na gaya wa na gani.

Shekarar da ya gama sakandare aka yanke cewa gida zai koma karatun jami'a, can Sakkwato. Iƙama, takardar izinin zama, ba ta san uwa da ɗa ba, namiji in ya girma ya gama makaranta zamansa a kan takardar ubansa sai ya zama wahala. Za a buga masa huruj niha'i, fitar da ba dawowa zama, a ƙarshen lokacin zafi. Abu ɗaya ya roƙi ubansa. Ina yanka albasa ina ji. Ya ce duk abin da ya taɓa hawa kumfa ne, ragowar igiya bayan ta fashe, abin da ake ɗora yara a kai. Yana so sau ɗaya, kafin ya tafi inda ba teku, ya tsaya a kan igiyar da ba ta fashe ba. Kuma akwai wuri a gaɓar Oman, wajen Ashkhara, inda irin wannan igiya ke zuwa a tsakiyar zafi, ana zuwa da mota ta sabuwar hanyar da ta ratsa hamada.

Ubansa ya ce sai ya yi shawara da ni. Da ya same ni na ce, "Ni ina ruwana? Kai da ɗanka kuka sani." Washegari kuma ni na tuna masa ya nemi ijazarsa, wato hutun aiki, da wuri kafin abokan aikinsa su riga shi. Ni ban ma nema ba, don na san mudirarmu, shugabar sashenmu, a lokacin zafi rabin ma'aikata sun tafi ƙasashensu, mata kuwa ba su fasa haihuwa ba. A Riyad zan zauna ni da yarinyar.

Tun daga ranar tsoro ya samu wurin zama a ƙirjina. Ni kuwa halina ne, abin da nake tsoro sai na san shi ciki da bai. Na lura kullum yaron nan yana duba wani shafi a wayarsa, layuka na lambobi da launuka da 'yan kibiyoyi. Na kira ƙanwarsa na ce, "Wannan abin da yayanki ke ɓata lokaci a kai, sa mini shi a wayata in ga ko na banza ne." Ta dube ni ta ƙasan ido, 'yar nema, ta sa mini. Hasashen teku ne, na wannan gaɓar da za su je, ana sabunta shi kullum.

Da farko na karanta shi irin karatun 'yar Gusau. Duk ranar da na ga lambobi sun yi ƙasa, ruwa ya kwanta, sai in ce alhamdulillahi, ga rana mai kyau. Wadda ta gyara mini karatu wata abokiyar aikina ce, 'yar Filifin, da aka haifa a tsibiri, ubanta masunci. Ta leƙa wayata a ɗakin shan shayi ta kwashe da dariya, ta ce, "Sista, wannan ranar ta masu wanki ce, ɗanki zai zauna a kan allo kamar agwagwa." A hutun dawam, wato lokacin aiki, ta riƙa koya mini, tana zana mini da cokali a kan tebur.

Ga abin da na koya, kuma har yau ina ji da shi. Tsayin igiya shi kowa ke fara kallo, amma ba shi ne magana ba. Maganar tana wajen tazara, wato sakan nawa ne tsakanin igiya da mai bi mata. In tazarar gajeriya ce, iskar kusa ce ta dama ruwa, hayaniya ce kawai ba tsari. In doguwa ce, to daga nesa igiyar ta taso, daga wani hadari can tsakiyar teku, ta yi tafiyar kwanaki ta jera kanta sahu sahu, ƙarfinta yana ƙasa. Wannan bai ba ni wuya ba, ni da na ƙare ƙuruciyata ina duba agogo tsakanin ciwon naƙuda da mai bi masa. Sai dai a wurinmu gajeriyar tazara ce ke cewa abu ya zo, a teku kuwa doguwa ce. Sannan iska. In daga teku take busowa, sai ta ture igiyar ta baya ta rushe tun ba ta miƙe ba. In daga tudu take, kuma a hankali, sai ta tokare mata ƙirji ta tsaya, fuskarta sumul, mai allo ya samu wurin zamewa. Kibiyoyin nan alƙiblar iska suke nunawa. Akwai kuma cikar ruwa da janyewarsa, don in ya janye sosai duwatsun ƙasa suna kusa da kan mutum.

Kafin su tafi na iya karanta shafin kamar katin mai ciki. Na kuma san hasashen na kwanakin kusa ake riƙewa, na nesa zance ne, yau ya ce haka gobe ya canza. Yaron bai san na iya ba. In na ji yana yi wa ubansa bayani a falo ya yi kuskuren alƙibla, sai in cije leɓe in ci gaba da tankaɗe.

Ana gobe tafiya na kira Inna a Gusau don ta sa albarka. Ta ce, "Mi kika ce? Teku? Kina kallo ubanai zai kai shi bakin teku?" Ita ba ta da kara da shi, jikanta ne, ta kira sunansa ya fi a ƙirga. Ta ce za ta toya masa a raba sadaka, Allah shi kwantar da ruwan nan kamar tabarma har su je su dawo. Na ce amin da rabin baki. A raina na ce, ya Allah ka san abin da Inna ke nufi, lafiyarsa take roƙo, zancen tabarmar ka bar shi.

Suka ɗaure allo a saman mota suka tafi. Na cika musu kula da dambun nama da soyayyiyar kaza, na miƙa wa uban, na ce Allah ya tsare. Yaron ya tsaya a bakin ƙofa ya ce, "Umma, mun tafi." Na ce, "To." Da suka sauka na leƙa ta taga har motar ta sha kwana wajen bakala, kantin unguwarmu.

Abin da na gani a shafi tun suna hanya shi suka tarar. Iska ta taso daga teku da ƙarfinta, kibiyoyi duk sun yi ja, kuma ta ƙi sauka. Inda suka kafa tanti ba sabis, sai uban ya tuƙa zuwa gidan mai na ƙauyen yake samuna. Kullum labari ɗaya. Yashi a shinkafa, yashi a shayi, yashi a kunne. Ruwa ya zama kamar ana dama fura. Akwai wani Ba'omane mai koyar da samari a wurin, shi ke shiga da yaron, sun gwada, teku ya tattaka shi ya tofo shi waje da fasasshen leɓe. Samarin da suka zo daga wasu garuruwa suka fara naɗe kayansu. Kwanakin ijaza suna ta ƙarewa, allo yana kife a gindin mota an danne shi da duwatsu kada iska ta ɗauke.

Wata Talata bayan la'asar, na dawo daga dawam ko abaya ban cire ba, uban ya kira. Muryarsa ta gaji. Ya ce, "Hajiya, halas, an gama. Gobe da safe za mu kama hanya. Tanti ya yage, yaron nan ko magana ba ya yi. Ba rabo, Allah bai yi ba."

Wallahi abin da na fara ji daɗi ne. Zai dawo mini da ƙafafunsa, leɓe kuwa ai yana warkewa. Na buɗe baki zan ce Allah ya kawo ku lafiya. Amma na riga na duba shafin a motar asibiti, na kuma duba a kan matakala, kuma tun jiya yake faɗin abu ɗaya bai canza ba. Ranar Alhamis da sassafe iskar za ta faɗi, 'yar da ta rage za ta juya ta fito daga tudu. Tazara za ta tsawaita ta wuce sakan goma sha biyu. Tsayin kuwa zai kai kan mutum, abin da yaron bai taɓa shiga ba. Kafin azahar kuma iskar teku za ta dawo ta rufe ƙofa. Su ba su gani ba, a tanti ba sabis, a gidan mai kuma sun daina dubawa. Ni kaɗai na sani, a tsaye a falo a Al-Naseem, kuma in na yi shiru ba mai tuhumata har abada.

Na ce, "Malam, ku ƙara kwana biyu."

Ya ce, "Na'am?"

Na ce, "Iskar za ta kwanta jibi da safe."

Ya yi 'yar dariya ta gajiya. "Hajiya, wa ya gaya miki? Ke da ko kwatami ba kya tsallakewa sai kin yi bisimilla? Kin ga abin da muke gani kuwa? Mota ma girgiza take."

Na san shi, in ya ce halas to ya riga ya naɗe tabarmarsa a zuci, kuma ba laifinsa ba ne, mutum ne mai ciwon baya ya kwana a ƙasa saboda ɗansa. In na tsaya aika saƙo ta bakinsa, saƙon zai mutu a hanya. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Na ce, "Ba ni yaron."

Tun da aka haife shi ban taɓa cewa a ba ni shi a waya ba. Na ji ƙarar ƙofar mota, na ji iska tana dukan wayar, sannan muryarsa, a ɗarare kamar wanda aka kira ofishin shugaban makaranta. "Na'am, Umma?"

Ban gaishe shi ba, kada murya ta ci amanata. Na karanto masa kamar ina miƙa mara lafiya ga mai karɓar dawam. Na faɗa masa tsayi, na faɗa masa tazara, na ce kibiya za ta juyo daga yamma, daga tudu, kuma marar ƙarfi. Na ce ruwa zai fara cikowa bayan fitowar rana, kada ya yi gaggawar shiga yana janye, duwatsu na kusa. Na ce ya nuna wa malaminsa, in shi ya ce a'a to a'a ce. In ya ce e, tare za su shiga, kuma ya duba maɗaurin da ke haɗa ƙafarsa da allo da kyau, na ga bakinsa ya fara lauyewa tun a gida.

Can ya ce, da Larabci don Hausar ta gudu ta bar shi, "Umma, min allamik?" Wai wa ya koya mini.

Na ce, "Ka ji abin da na ce ko ba ka ji ba?"

Ya ce, "Na ji."

Na ce, "Ba ubanka wayar."

Da na ajiye sai na zauna a hannun kujera. Yarinyar tana tsaye a lungu ta toshe baki da mayafi, idanunta suna dariya. Na ce ta wuce ta ɗora ruwan zafi kafin in saɓa mata.

Laraba ta yi mini tsawo. Da bakina na tura ɗana cikin ruwan da ya kai kansa, ni da aka koya wa ba ruwa hanya. Na duba shafin har wayar ta yi zafi, rabin zuciyata tana fatan ya canza in samu hujjar cewa su taho. Bai canza ba. Da na zo addu'a bayan salla sai na rasa abin roƙo. In ce ruwa ya kwanta, na ci amanar yaron. In ce ya tashi, wace irin uwa ce ni? Daga ƙarshe na ce, ya Allah ka aiko masa daidai ƙarfinsa, ka kuma dawo mini da shi.

Alhamis ina dawam ɗin safe. Aka kawo mana wata yarinya 'yar Yaman, haihuwar fari, tana kuka tana kiran uwarta. Waya tana loka, akwatin ajiyarmu, doka ce, kuma ko ba doka hannuna ba sarari. Na riƙe ta, na lallashe ta, na yi mata tsawa inda ya kamata, har Allah ya sauke ta lafiya, namiji. Sai da na gyara ta na wanke hannu na je na buɗe loka. Kira ya fi biyar daga uban. Gabana ya yanke ya faɗi, na dafa bango. Mutumin da ba ya kira sau biyu. Sai na ga akwai saƙon murya da ya ɗauka a bakin teku ya je gidan mai ya turo, na danna.

Abin da na fara lura da shi, babu ƙarar iska a bayan muryarsa. Sannan muryar. Shekara da shekaru ina zaune da bawan Allahn nan ban taɓa jin ya ɗaga murya ba, ko a kan 'yan tasi. Ihu yake. "Hajiya! Ya tsaya! Wallahi ya tsaya! Ruwan kamar gini, ya bi ta gefensa har can, har can! Allahu akbar! Ya sake komawa, ga shi can, kai, kai, kai!" Ya turo bidiyo kuma, rabinsa sama ce, rabi babban yatsansa. Amma a tsakiya, na ɗan lokaci, ga bangon ruwa kore sumul, ga wani ɗan baƙin abu a tsaye a jikinsa, gwiwoyi a lanƙwashe, kai a ɗage, yana tafiya.

Na kira uban na ce, "To madalla. Ku taho a hankali, ban da gudu." Na kashe. Daga nan kuma ban san abin da ya hau kaina ba. Na fita da waya a hannu na tare 'yar Filifin a baranda, ta yi tsalle ta rungume ni. Na nuna wa 'yan Indiya biyu da ke ɗakin jarirai. Na nuna wa mai shara. Na nuna wa mudira, wadda ko murmushi sai da dalili, na ce, "Waladi, waladi, ɗana ne wannan." Har 'yar Yaman da ta haihu ban ƙyale ba, tana rungume da nata na kai mata nawa. Alfaharin da na tara tun yana cikin zani na zazzage shi a ranar a kan mutanen da ba su san kara ba, ba kuma za su kai labari Gusau ba. Na yi alfahari da shi, na kuma yi da kaina, ba zan ɓoye ba. Ungozoma daga Gusau, a tsakiyar hamada, ta ce wa teku ga ranar da za ka yi kaza, kuma ya yi.

Ranar Asabar da yamma suka iso. Uban ya shigo yana ɗingishi yana ba da labari tun daga matakala. Yaron ya shigo bayansa, ya yi baƙi ƙirin, hancinsa yana saɓa, leɓen ya kama warkewa. Ya durƙusa ya gaishe ni. Na ce, "Kun dawo? Je ka yi wanka, duk ka cika mini gida da yashi." Na shige kicin.

Ina juya miya na ji mutum a bayana. Bai taɓa shigo mini kicin ya tsaya ba, yakan ɗauki abin da zai ɗauka ya fita. Wannan karon ya jingina da firji. Ya yi ta haɗa Hausarsa a baki kafin ya fito da ita, don ya san da ita nake so a yi mini magana.

Ya ce, "Umma, malamin ya ce in gaishe ki. Ya ce duk abin da kika faɗa haka ya zo. Har cikowar ruwan."

Na ce, "Ina amsawa."

Sannan ya ce, "Yarinyar nan ta ce tun kafin mu tafi kike dubawa. Kullum."

Na ce, "Bakinta ya yi tsawo."

Ya ce, "Da na ga girman ruwan da safen, sai da na tsorata. Na kusa fasawa. Sai na ce ai Umma ce ta ce in shiga." Sannan ya ce, "Ke ba ki ji tsoro ba?"

Na rage wutar risho. Saura 'yan makonni ya hau jirgi ya bar mini gidan, kuma na san in na bar tambayar nan ta wuce, da ita zai tafi Sakkwato. Na ajiye ludayi na juyo na dube shi, ido cikin ido, yadda ban taɓa yi ba.

Na ce, "Na ji. Tun ranar da na haife ka nake ji, ban taɓa hutawa ba."